Tambayi Likitan Ido: Yana ta fito a idon da aka taɓa dasa wa gilashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 52. Tun ina yarinya ba na ganin nesa, har lambar tabarauna ta kai 14. A 2007 aka dasa mini gilashi a cikin idanuna biyu, irin wanda ake maƙalawa a jikin baƙin ido, na ajiye tabarau na huta. Yanzu idon dama ya fara dusashewa. Rubutun allo ya koma hazo-hazo, da dare kuma fitilun mota sukan tarwatse mini har in kasa gane hanya. A asibiti aka ce yana ce. Aka ɗauki hoton idon da wata na'ura, aka rubuta 1,150 a dama, 1,700 a hagu, kaurin koniya kuma 575. Aka ce koniyar ta yi rauni, in ba a yi hattara ba aikin yana zai iya kai ni ga dashen koniya. Likita ɗaya ya ce a yi da leza don ta fi sauƙi ga ido irin nawa, wani kuma ya ce ba sai da ita ba. Na rasa ta kamawa. Shin leza za ta iya cire yanar ba tare da an taɓa tsohon gilashin ba? Kuma in dakata tukuna, ko dakatawar ce haɗarin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta farko amsarta gajera ce. Tsohon gilashin sai ya fita, da leza ko babu leza. An auna ƙarfinsa ne don ya yi aiki tare da gilashin da aka halicce ki da shi, kuma wannan na halittar shi ne ya dusashe ya zama yana. Abu biyu za a fitar a zama ɗaya, a mayar da sabon gilashi guda ya ɗauki aikinsu duka.

Lambobin da aka rubuta miki su suka fi ɗaukar hankalina. Koniya ita ce fatar nan garai-garai da ta rufe gaban baƙin ido, wadda haske ke fara ratsawa. Kullum ruwan cikin ido yana tsattsafowa cikinta, kuma da za a bar shi sai ta kumbura ta yi fari. Abin da ke hana haka shi ne wani layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a bayanta, dare da rana suna fitar da ruwan. Kamar kwale-kwale ne mai yoyo da mutane a ciki suna kwarfe ruwa. Muddin hannaye sun isa, tafiya ake yi lami lafiya, ranar da suka yi kaɗan kuwa ruwa ya ci ƙarfinsu. Kuma ƙwayar da ta mutu ba ta da magaji. Maƙwabtanta ne ke faɗaɗa su rufe gurbinta.

Ki nemi takardar hoton ki dube ta da kyau. A idon matashi za ki ga ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida, girmansu kusan ɗaya, jere reras. A naki za ki tarar wasu sun yi girma, wasu sun tsuke, wasu kusurwarsu biyar wasu bakwai. Na'urar tana ƙirga nawa ne a cikin murabba'in milimita guda. Baligi mai lafiyar ido yakan sami 2,500 zuwa 3,000, kuma shekaru kaɗai suna rage kusan kashi 0.6 cikin 100 duk shekara. Idan adadin ya gangaro wajen 500 zuwa 700 ne koniya ke fara gazawa. Ke kina 1,150. Kin yi asara mai yawa, amma da sauran tazara tsakaninki da bakin rami. Kaurin 575 ma bai tayar mini da hankali ba, tunda matsakaicin kauri wajen maikiron 540 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma sai ya haura 640 likitoci suka saba cewa ruwa ya riga ya fara zama.

Ina ƙwayoyin suka tafi? Irin gilashinki ƙirar Jan Worst ne, wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, kuma an fi sanin gilashin da sunan Artisan. Yana da 'yan ƙugiyoyi biyu da ke cafke naman baƙin ido, yana zaune a ɗan filin da ke tsakanin baƙin ido da koniya. Ya yi wa dubban mutane rana, ke ma shaida ce. Sai dai gefensa yana kusa da waɗannan ƙwayoyin, kuma gilashin halitta yana ƙara kauri da shekaru, yana turo komai gaba, filin yana ƙara matsewa. In mutum mai murza ido ne, duk murzawa tana danna koniya a kan gilashin. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi bi ita ce, in ƙirga ta faɗi ƙasa da 1,500, a cire gilashin ko da gani lafiya lau yake. Ashe ko da yanar ba ta zo ba, lokacin gilashin idonki na dama ya yi.

Kin ga amsar tambayarki ta biyu ke nan. Jinkiri ta fuska biyu yake cin ki. Gilashin yana ci gaba da rage ƙwayoyi, yanar kuma tana ƙara tauri, kuma gwargwadon taurinta gwargwadon ƙarfin da za a sa kafin ta farfashe. Ba aikin gaggawa ba ne da za a ce yau ko gobe, amma kada ki bari a ce sai ta nuna. Wannan maganar ta zamanin da ce.

To, sai leza, wato haske mai ƙarfi da ake yanka da shi. Aikin yana da aka saba a yau, wanda muke kira fako, Charles Kelman ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1967. Ana shigar da wani siririn bututu ta yanka da bai kai milimita 3 ba, bakinsa yana karkarwa sau dubbai a daƙiƙa, yana marmashe yanar yana zuƙe ta. Wannan karkarwar, da zafinta, da guguwar ruwan da ke wanke cikin ido, da ɓurɓushin da ke bugun bayan koniya, su ke kashe ƙwayoyi. A aiki mai kyau akan rasa kusan kashi 10 cikin 100, wani lokaci ƙasa, wani lokaci sama. A 2008 Zoltán Nagy, a Budapest ta ƙasar Hangari, ya fara amfani da leza mai walƙiyar femtosakan a aikin yanar ɗan Adam. Femtosakan ɗaya kuwa daƙiƙa ce aka raba gida biliyan, aka sake raba kowane gida sau miliyan.

Ga yadda za ki ji ta. Kina kwance, an ɗiga miki maganin kashe zafi, sai a ɗora wani zobe ya tsotse gaban idon ya riƙe shi cak. Za ki ji nauyi, ganinki ya yi duhu-duhu na ɗan lokaci. Na'urar ta ɗauki hoton cikin idon sashe-sashe, likita ya duba a allo ya amince, ya taka maɓallin ƙafa. Cikin ƙasa da minti ɗaya hasken ya yanka da'ira mai faɗin kusan milimita 5 a gaban 'yar jakar da yana ke ciki, ya tsattsaga yanar gida-gida, in ana so ya tsaga ƙofar shiga a gefen koniya. Nan aikinta ya tsaya. Ba ta fitar da komai daga ido. Daga nan hannun likita ne da bututun fako, illa dai yanar da aka riga aka tsattsaga ba ta neman ƙarfi kamar wadda take dunƙule. Hujjar likitanki na farko ke nan, kuma hujja ce mai ma'ana.

Amma da aka gwada a kan jama'a, bambancin bai kai yadda aka zata ba. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2020, FEMCAT a Faransa da FACT a Ingila, sun raba masu yana gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu leza wasu hannu, kuma ba su ga leza ta fi ba, a gani ko a matsaloli. Gaskiya ne galibin idanun da ke ciki masu ƙoshin koniya ne. A kan masu raunin koniya binciken da ake da shi ƙanana ne, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ga an ɗan tsira da ƙwayoyi, musamman in yanar mai tauri ce, wasu ba su ga an rage yawan masu kaiwa ga dashe ba. Hujjar likitanki na biyu ke nan. Duk cikinsu babu wanda ya yi miki ƙarya.

A ido mai tsohon gilashi, leza tana da nata tarkon. Ana harba ta ne tun kafin a yanka ido, gilashin yana wurinsa, hasken ya ratsa ta cikinsa. Kwamfutar na'urar ta saba da ido mai gilashi ɗaya. In ta ga biyu, tana iya ɗaukar fuskar na roba a matsayin jakar yana, ta shata layin yanka a inda bai dace ba, sai likita ya lura ya gyara da hannunsa a allo. Sannan duk inda hasken ya yanka, 'yan kumfa ne ke tashi. A idon da ba kome sukan watse. A ƙarƙashin gilashi kuwa suna iya taruwa, fari fat, su tare hasken da ke biye, da'irar ta fito da wuraren da ba su yanku ba. In likita bai ankara ba ya fizgo, jakar ta yage. Wannan ya fi damun masu ɗaya nau'in gilashin, ICL, mai laushi wanda ake sakawa a bayan baƙin ido, domin ratar da ke tsakaninsa da jakar wajen rabin milimita ce kawai. A naki nau'in ratar ta fi haka, amma ke matsalarki ƙofar haske ce, ramin nan na tsakiyar baƙin ido. Leza tana so ta buɗe kamar milimita 6, ƙugiyoyin kuma kan hana ta sakewa sosai. Ita lezar ma takan sa ƙofar ta tsuke bayan an harba, shi ya sa ake fara ɗiga maganin hana kumburi kafin aiki.

Inda gizo ke saƙar a idonki shi ne fitar da tsohon gilashin, kuma nan leza ba ta da hannu ko kaɗan. ICL ana jawo shi ta ƙaramar ƙofa ya naɗe kansa ya fito. Artisan na asali roba ce mai tauri, ba ta lanƙwasuwa, sai an buɗe kusan milimita 6, a saki ƙugiya ɗaya, a saki ta biyu, a juya shi a zaro shi ta ƙarƙashin koniya ba tare da ya goge ta ba, sannan a ɗinke. Gogawa ɗaya a wannan lokacin tana iya share ƙwayoyin da suka fi duk abin da leza za ta tanada miki. (Akwai ɗan'uwansa mai laushi, Artiflex. Ki binciko katin da aka ba ki a 2007, in yana nan, domin shi zai nuna wanne ne a idonki, kuma girman yankan a kansa ya dogara.) Abin da ke kare koniya a nan wani ruwa ne mai kauri da yauƙi da ake shafe bayanta da shi, a kuma riƙa ƙarawa a tsakiyar aiki. Steve Arshinoff na Kanada ya fito da dabarar haɗa iri biyu, mai manne wa koniya a sama, mai riƙe fili a ƙasa. Sai rage ƙarfin ruwan wanki, da marmashe yanar can ciki nesa da koniya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke zuwa a jikin na'ura.

In da ni ce zan zaɓa miki, likita zan fara zaɓa kafin na'ura. Ki tambayi kowannensu ko ya saba cire irin wannan gilashin, ta ina zai buɗe, kuma me ya tanada in koniyar ba ta washe ba. In wanda ya gamsar da ke yana aiki da leza, yanarki mai tauri ce, ƙofar hasken kuma tana buɗewa sosai, to a yi da ita, akwai ɗan riba. In yanar mai taushi ce, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Da ƙirga 1,150 da koniya garau, yawancin likitoci ba za su haɗa da dashe a zama ɗaya ba. Ki lissafa da kanki: ko kashi 20 cikin 100 aka rasa, 920 suka rage, kuma abin da ke cin su ya riga ya fita.

Duk da haka a zaɓi sabon gilashin kamar za a yi dashen wata rana. Dashen zamani ba a cire koniya gaba ɗaya. A irin wanda Gerrit Melles ya fara a Rotterdam ta ƙasar Holan a 2006, ana kiransa DMEK, layin ƙwayoyin kaɗai ake musanyawa, kaurinsa maikiron 10 zuwa 15, a tura kumfar iska ta manna shi. Wannan iskar tana iya sa wasu gilasan, masu shan ruwa, su yi fari daga baya, don haka a sa miki wanda ba ya shan ruwa. Dashen kuma yakan ɗan karkata lambar ido, shi ya sa ake barin ɗan guntun rashin ganin nesa da gangan. Gilashin nan mai zobe-zobe da ake cewa zai raba mutum da tabaran karatu, ni ba na son sa a kan koniya mai rauni, yana ƙara tarwatsa haske. Ki yarda da tabaran karatu.

Kada kuma koniya ta sa a manta da bayan ido. Gilashin 2007 ya gyara gani ne, bai rage tsawon ƙwayar idonki ba. Ido mai lamba 14 ya fi na kowa tsawo, tantaninsa na baya sirara ne, kuma ya fi saurin yagewa ko ɓallewa bayan aikin yana. A buɗe ƙofar hasken a duba shi har gefe kafin aiki. Bayan aiki, in kika ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗige-ɗige sun yi yawa farat ɗaya, ko wani duhu yana jawowa daga gefe, a ranar za ki koma asibiti. Hazon kwanakin farko kuwa kada ya firgita ki, koniya irin taki takan ɗauki makonni kafin ta washe.

Idon hagu mai 1,700 yana bin sawun ɗan'uwansa. A riƙa ƙirga shi duk wata shida, da na'ura ɗaya in zai yiwu, domin na'urori sukan saɓa da juna. Kuma ki daina murza ido daga yau.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata shekarunta 68, ba a taɓa yi mata aikin ido ba. In ta tashi da safe komai hazo take gani, sai rana ta ɗaga ya washe. An ce tana da yana, tana kuma da cutar Fuchs. Ƙanena ya dage sai an yi mata da leza. Yana da gaskiya?

AMSA: Allah ya ba Mama lafiya. Hazon safiyar nan da ka ambata ya fi mini kowace lamba muhimmanci. Ernst Fuchs, likitan ido a Biyana ta Ostiriya, shi ya bayyana cutar a 1910. Ta fi kama mata, takan bi jini, kuma waɗancan ƙwayoyin na bayan koniya take kashewa a hankali, tana barin 'yan ƙuraje a gurbinsu, waɗanda a hoto suke fitowa baƙaƙen ramuka. Da dare ido yana rufe, ruwa ba ya samun hanyar bushewa ta gaba, ƙwayoyin da suka rage kuma ba su isa su kwashe shi ba, sai a wayi gari koniya ta kumbura. In an buɗe ido iska ta taimaka, gani ya dawo. Wato koniyar Mama ta riga ta fara gazawa tun kafin a taɓa ta.

A irin wannan hali maganar leza ta koma baya. Hasali ma koniya mai kumburi tana tarwatsa hasken lezar, yankan ya ƙi kamawa da kyau. Abin da za ku tattauna da likita shi ne ko a haɗa cire yana da dashen layin ƙwayoyin a zama ɗaya, ko a fara da yanar a ga yadda koniya za ta yi, da sanin cewa mai yiwuwa ne a dawo. Ga mai hazon safiya na fi karkata ga haɗawa, in akwai likitan koniya da kuma abin dasawar. Ku shirya mata tun yanzu, domin bayan dashe za ta kwanta rigingine na 'yan kwanaki don kumfar iskar ta riƙe dashen, kuma wani lokaci gefensa yakan saki sai an ƙara iska. In tana da ciwon baya ko wuya, ku faɗa wa likita tun kafin ranar. Kafin nan akwai maganin ɗigawa na ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ke rage hazon safe, likitanta zai iya rubuta mata. Kai da ƙanenka ma, in kun haura 40, ku sa a duba muku koniya.

TAMBAYA: An yi wa babana aikin yana shekara 3 da suka wuce, yanzu gani ya sake dusashewa. An ce za a yi masa leza. Yanar ce ta dawo? Sake tiyata za a yi?

AMSA: Yana ba ta dawowa, tunda an fitar da ita. Bayan jakar da aka bari don ta riƙe sabon gilashi ne ya yi dishi-dishi, abin da ke samun mutane da yawa bayan 'yan shekaru. Lezar da za a yi masa daban take da wadda na yi bayani a sama, sunanta YAG. Yana zaune zai ɗora haɓa a kan na'ura, ya ji 'yan ƙas-ƙas, a huda ƙofa a tsakiyar jakar cikin 'yan mintuna, ba yanka ba ɗinki. Zai iya ganin ɗige-ɗige suna yawo na 'yan kwanaki. A auna masa ƙarfin ruwan ido bayan an gama, musamman in yana da gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani.